Ezra Magatakarda: Mutumin da Ya Mai da Jama'a ga Littafi

Idan aka tambayi yaran Makarantar Lahadi su ambaci manyan mutanen Tsohon Alkawari, nan da nan za a ji Ibrahim, Musa, Dawuda da Daniyel. Da wuya a sami yaron da zai tuna da Ezra, kuma ba laifinsu ba ne. Ezra bai raba teku ba, bai kashe ƙato da majajjawa ba, ba a jefa shi a ramin zakoki ba. Malami ne, aikinsa karatu da rubutu da koyarwa. Amma malaman Yahudawa sun daɗe suna ajiye shi kusa da Musa, har Talmud, babban kundin koyarwarsu, ya nuna cewa da Musa bai riga shi zuwa ba, da Ezra ya cancanci a ba da Attaura ta hannunsa. Duk mai son ya gane yadda bangaskiyar Ibraniyawa na dā ta zama addinin Yahudanci, wanda Ubangijinmu Yesu ya taso a cikinsa, dole ya bi ta ƙofar gidan wannan malami.

Jama'ar da ya fito daga cikinta

Tarihin Ibraniyawa ya fara da kiran Ibrahim, wanda ya bar Ur ta Kaldiyawa, a kudancin ƙasar Iraƙi ta yau, ya tafi Kan'ana bisa ga alkawarin Allah na zuriya da ƙasa da albarka. Zuriyar jikansa Yakubu, wato Isra'ila, suka yi bauta a Masar, Musa ya fito da su, aka ba su Shari'a a Dutsen Sina'i. Wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu (K.H.) Dawuda ya mai da Urushalima babban birninsa, ɗansa Sulemanu kuma ya gina Haikali a can. Daga nan jama'a suka jingina ga abubuwa uku da ido yake gani: ƙasar alkawari, gidan sarautar Dawuda, da Haikali inda ake miƙa hadaya.

Dukan ukun kuwa sun kuɓuce musu. Bayan rasuwar Sulemanu mulkin ya rabu biyu. A shekara ta 722 K.H. Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanen mulkin arewa, waɗanda yawancinsu suka narke cikin al'umman da aka kai su. A 597 K.H. Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarki Yehoyakin na Yahuza tare da manyan gari da masu sana'a. A 586 K.H. kuma sojojinsa suka rushe garun Urushalima, suka ƙone Haikali, suka kai sauran manya bautar talala. Cikin waɗanda aka kashe a Ribla a wannan shekara har da Seraiya babban firist, wanda Ezra ya fito daga zuriyarsa.

A wancan zamani, idan aka ci wata al'umma da yaƙi, ana ɗauka cewa an ci allahnta ke nan, sai mutanenta su koma bin gumakan waɗanda suka rinjaye su. Mutanen Yahuza ba su bi wannan hanya ba, domin annabawansu, irin su Irmiya da Ezekiyel, sun riga sun fassara musu masifar. Sun koya musu cewa Ubangiji ne da kansa ya hukunta su saboda sun karya alkawari, kuma shi ne zai komo da su idan suka tuba. Da babu bagade a Babila, sai suka riƙe abin da mutum yake iya ɗauka duk inda ya tafi: kaciya, kiyaye Asabar, dokokin abinci, addu'a, da rubutattun littattafan kakanninsu.

Haihuwarsa da tasowarsa

A cikin wannan al'umma ta Babila aka haifi Ezra. Sunansa daga kalmar Ibrananci ne mai ma'anar taimako. Jerin kakanninsa da ke sura ta 7 ta littafinsa ya bi ta kan Seraiya, Hilkiya, Zadok, Finehas da Ele'azara har zuwa Haruna ɗan'uwan Musa. Hilkiya ɗin nan shi ne babban firist wanda ya tsinci Littafin Shari'a a Haikali a zamanin sarki Yosiya. Ezra dai firist ne ta wurin haihuwa, amma firist ne wanda ya girma nesa da bagade. Abin da ya rage a hannunsa na gādon gidansu shi ne littafi, sai ya duƙufa a kansa.

Ba a cikin sarƙa Yahudawan Babila suke zaune ba a lokacinsa. Allunan yumɓu da aka tono a Iraƙi sun nuna suna noma, suna kasuwanci, suna biyan haraji, har akwai wani ƙauye da ake kira Garin Yahuza. Takardun gidan kasuwancin Murashu, waɗanda aka samo a Nifur a 1893, suna ɗauke da sunayen Yahudawa da dama na ƙarni na 5 K.H. Sun koyi Aramiyanci, harshen mulki da ciniki na wannan yanki, har ya zama harshen gida ga da yawa daga cikinsu.

Kafin a haifi Ezra ma duniya ta riga ta juya. A 539 K.H. Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, a shekara mai bi kuma ya ba Yahudawa izini su koma su gina Haikali. Wasu suka koma ƙarƙashin Sheshbazzar da Zarubabel, da yawa kuma suka yi zamansu a Babila. Aikin ginin ya tsaya shekaru saboda talauci da hamayyar maƙwabta, sai da annabi Haggai da annabi Zakariya suka zuga jama'a a 520 K.H. aka ci gaba, aka gama wajen 515 K.H. a zamanin sarki Dariyus. Haikali ya tsaya, hayaƙin hadaya ya sāke tashi, amma babu sarki daga gidan Dawuda. Yahuza ta zama ƙaramin lardi a cikin daular Farisa, mutanenta 'yan kaɗan, kewaye da al'ummai masu gumaka. Tambayar da ke gabansu ita ce, mene ne zai hana su narkewa kamar yadda 'yan'uwansu na arewa suka narke?

Littafin ya bayyana halin Ezra da abubuwa uku a jere, kuma jerin yana da muhimmanci. Da fari ya ba da zuciyarsa ga nazarin Shari'ar Ubangiji, sa'an nan ga aikata ta, daga baya ga koya wa Isra'ila. Bai hau kujerar koyarwa ba sai da ya zauna a tabarmar almajiri, bai kuwa ɗora wa wasu kayan da shi kansa bai ɗauka ba.

Takardar sarki

A shekara ta 7 ta mulkin sarki Artashate, Ezra ya sami izinin tafiya Urushalima. Yawancin masana suna ɗauka cewa Artashate na Ɗaya ne, wanda ya yi mulki daga 465 zuwa 424 K.H., wato tafiyar ta faɗo a 458 K.H. Akwai kuma masu ganin Artashate na Biyu ne, abin da zai kai tafiyar zuwa 398 K.H. A nan mun bi lissafi na farko, wanda ya dace da yadda Littafi Mai Tsarki ya jera Ezra kafin Nehemiya.

Takardar da sarki ya ba shi tana nan a sura ta 7, a rubuce da Aramiyanci. Ta ba duk Bayahuden da yake so damar binsa. Ta sa shi ya binciki halin da Yahuza da Urushalima suke ciki bisa ga Shari'ar Allahnsa, ya kai kyautar azurfa da zinariya daga sarki da mashawartansa bakwai, ya kuma karɓi taimako daga ma'ajin lardin Hayin Kogi har zuwa talanti 100 na azurfa, tare da alkama da ruwan inabi da mai da gishiri. Ta ɗauke wa firistoci da Lawiyawa da sauran ma'aikatan Haikali haraji. Abu mafi girma shi ne ta ba shi ikon naɗa alƙalai waɗanda za su yi shari'a bisa ga dokokin Allah, da koyar da waɗanda ba su san dokokin ba.

Ba don ƙaunar Attaura kaɗai sarkin Farisa ya yi haka ba. Wajen 460 K.H. Masar ta yi wa Farisa tawaye da taimakon mutanen Atina, Yahuza kuwa tana kan hanyar zuwa Masar. Sarki yana bukatar lardi mai zaman lafiya a wannan iyaka, kuma al'adar Farisawa ce su bar kowace al'umma ta bi dokokin addininta muddin tana biyan haraji. Ezra ya san siyasar fada, amma a nasa labarin sau da sau yana danganta nasarar ga hannun Allah da ke bisansa. Sakamakon takardar kuwa babba ne: Shari'ar Musa ta zama dokar da hukuma ta amince da ita ga Yahudawan lardin.

Hanyar wata huɗu

Ezra ya tara matafiya a bakin kogin Ahawa, maza kimanin 1,500 ban da mata da yara. Da ya duba cikin kwana uku da suka yi a can, sai ya tarar babu Balawi ko ɗaya. Bai ce a tafi haka ba. Ya aika wurin Iddo, shugaba a Kasifiya, aka samo masa Lawiyawa 38, cikinsu har da wani mai hikima mai suna Sherebiya, da ma'aikatan Haikali 220. Malamin da zai koyar da al'umma duka yana bukatar mataimaka, kuma za mu ga amfanin waɗannan mutane a gaba.

Sai matsalar tsaro ta taso. Ayarin yana ɗauke da talanti 650 na azurfa da talanti 100 na zinariya, ban da kwanoni da tasoshi masu daraja. Talanti ɗaya ya haura kilo 30, wato azurfar kaɗai ta kai wajen tan 20, hanya kuma cike take da 'yan fashi. Ezra yana iya roƙon sarki ya ba shi sojoji da mahayan dawakai, amma ya ji kunya, domin ya riga ya shaida wa sarki cewa Allah yana kiyaye masu nemansa. Maimakon haka ya sa aka yi azumi da addu'a. Bayan shekara 13 Nehemiya ya bi hanyar tare da rakiyar sojojin sarki, kuma Littafi bai zargi ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dogara ga Allah bai sa Ezra ya yi sakaci da amana ba. Ya zaɓi manyan firistoci 12 da mataimakansu, ya auna musu dukiyar a hannu, ya ce su tsare ta har ranar da za a sāke aunawa. Suka tashi daga Ahawa a rana ta 12 ga wata na fari, wajen watan Afrilu, suka bi ta gefen kogin Yufiretis zuwa arewa, suka gangaro ta Suriya, tafiyar da ta kai wajen kilomita 1,400. A rana ta fari ga wata na biyar suka isa Urushalima. Bayan hutun kwana uku aka auna kome a Haikali a hannun Meremot ɗan Uriya, a gaban shaidu, aka rubuta nauyin. Wanda bai nemi soja ba saboda bangaskiya, shi ne ya nace a kan ma'auni da shaidu da rubutu. Ma'ajin kowace ikkilisiya yana da abin koyo a nan.

Ranar ruwan sama

Ba a daɗe ba shugabanni suka kawo masa labari mai nauyi: mutane da yawa, har da firistoci da Lawiyawa da manyan gari, sun auri mata daga al'umman da ke kewaye. Ezra ya yayyage tufafinsa, ya tsittsige gashin kansa da na gemunsa, ya zauna a ruɗe har lokacin hadayar maraice. Sa'an nan ya durƙusa ya yi addu'ar tuba, inda ya sa kansa cikin masu laifi ko da yake shi bai yi irin wannan aure ba. Abin da ya firgita shi a bayyane yake ga wanda ya san tarihi. Shari'a ta hana auratayya da Kan'aniyawa don kada su janye zuciyar Isra'ila zuwa ga gumaka. Ta wannan ƙofa Sulemanu ya fāɗi, ta nan kuma Yezebel ta shigo da bautar Ba'al. A ganin Ezra, 'yan ragowar da Allah ya tsamo daga Babila suna komawa ramin da kakanninsu suka fāɗa.

Wani mai suna Shekaniya ɗan Yehiyel ne ya kawo shawara a yi alkawari a sallami matan da 'ya'yansu. Aka yi shela kowa ya hallara a Urushalima cikin kwana uku, wanda ya ƙi kuwa ya rasa dukiyarsa, a kuma ware shi daga jama'a. A rana ta 20 ga wata na tara, wajen Disamba, lokacin sanyi da ruwan sama a ƙasar, jama'a suka zauna a filin Haikali suna rawar jiki saboda maganar da kuma ruwan da ke dukansu. Suka yarda, amma suka roƙa a bi al'amarin sannu, gari gari, tare da dattawa da alƙalai. Jonatan ɗan Asahel da Yazeya ɗan Tikwa suka ƙi amincewa, wasu biyu suka goyi bayansu. Kwamitin ya yi wata uku yana zama. Littafin ya ƙare da jerin sunayen maza kimanin 110, cikinsu har da firistoci 17, ya kuma ambata cewa wasu daga cikin matan sun riga sun haifa musu 'ya'ya.

Wannan shi ne wuri mafi wuya a rayuwar Ezra, kuma bai kamata mu tsallake shi ba. An jera sunayen mazan, amma ba a rubuta sunan mace ko ɗaya ba, balle na yaro. A duniyar da mace take dogara ga gidan miji ko na uba don ci da sutura, saki ba ƙaramin abu ba ne. Ezra ya ga al'umma a bakin halaka, ya yanke shawara mai ɗaci don ya cece ta, kuɗin kuwa mata da yara ne suka biya mafi yawansa. Matsalar ma ba ta ƙare ba, gama Nehemiya ya sāke tarar da ita bayan shekaru, har ya ga yaran da ba su iya harshen Yahuza ba.

Littafi Mai Tsarki da kansa ya ajiye wasu muryoyi kusa da ta Ezra. Rut mutuniyar Mowab ta bar gumakan ƙasarta ta bi Allah na Isra'ila, ta zama kakar mahaifin sarki Dawuda. Annabi Malakai, wanda ya yi aiki kusa da wannan zamani, ya tsawata wa masu auren mata masu bin gumaka, ya kuma tsawata wa masu yashe matan ƙuruciyarsu. A Sabon Alkawari kuwa, manzo Bulus ya umarci Korintiyawa cewa mai bi kada ya rabu da abokin aurensa marar bi muddin wannan ya yarda su zauna tare. Saboda haka kada wani ya ɗauki sura ta 10 ta Ezra ya mai da ita hujjar korar matarsa, ko hujjar ƙin wata kabila. Gargaɗin da ya rage mana a cikinta shi ne a yi tunanin bangaskiyar gida da ta 'ya'ya tun kafin a ɗaura aure, domin gyara bayan an ɗaura yakan zo da hawaye.

A Ƙofar Ruwa

A 445 K.H. Nehemiya, mai shayar da sarki, ya zo Urushalima a matsayin gwamna, ya gina garun birnin cikin kwana 52. Bisa ga tsarin Littafin Nehemiya, bayan wannan ne babbar ranar Ezra ta zo. A rana ta fari ga wata na bakwai jama'a suka taru a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa, su da kansu suka ce wa Ezra ya kawo Littafin Shari'ar Musa. Ya hau dakalin katako da aka yi musamman domin wannan rana, mutum shida a damansa, bakwai a hagunsa. Da ya buɗe littafin a idon kowa, jama'a duka suka miƙe tsaye. Ya yabi Ubangiji, suka amsa da amin suna ɗaga hannuwa, suka sunkuya suka yi sujada. Ya yi ta karatu tun da sassafe har tsakar rana.

Abubuwa uku sun sa wannan rana ta zama sabon abu. Na fari, wurin: a dandalin gari aka yi, inda kowa yake iya tsayawa, nesa da bagaden da firistoci kaɗai suke kusanta. Na biyu, masu sauraro: maza da mata da duk yaron da ya isa ya fahimta. Na uku, bayani: Lawiyawa 13, cikinsu har da mai suna Sherebiya, suka yi ta bayyana wa mutane ma'anar abin da aka karanta. Tsohuwar al'adar Yahudawa ta ɗauka cewa fassara suke yi zuwa Aramiyanci domin waɗanda Ibrananci ya yi musu nisa, kuma tana ganin nan ne tushen fassarar da daga baya aka kira Targum.

Da mutane suka gane abin da Shari'a take nema, suka ga nisan da ke tsakaninsu da ita, sai suka fashe da kuka. A nan muka ga wata fuskar Ezra. Mutumin da ya taɓa tsige gemunsa don baƙin ciki, shi da Nehemiya da Lawiyawa suka hana jama'a kuka, domin ranar tsattsarka ce. Suka sallame su su je su ci mai daɗi, su sha mai zaƙi, su aika wa waɗanda ba su da shi. Kashegari shugabannin gidaje suka komo wurin Ezra don ƙarin nazari, suka tarar da umarnin Idin Bukkoki. Nan da nan aka fita tuddai aka sassaro rassan zaitun da na dabino, aka kafa bukkoki a kan soraye da tsakar gidaje da dandali. Kwana bakwai ana idi, kowace rana ana karatu.

A rana ta 24 ga watan aka yi azumi da tuba, aka rubuta alkawari, shugabanni suka buga hatimi. Jama'a suka ɗauki nauyin daina auratayya da masu bin gumaka, daina ciniki ran Asabar, barin ƙasa ta huta a shekara ta bakwai tare da yafe bashi, biyan sulusin shekel kowace shekara domin hidimar Haikali, da kawo itace da nunan fari da zakar amfanin gona. Ganinmu na ƙarshe da Ezra a Littafi Mai Tsarki shi ne ranar keɓe garu, yana gaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyi biyu na mawaƙa da suka zaga bisa garun.

Abin da ya kafu bayansa

Kafin bautar talala, gumaka sun yi ta jan Isra'ila tsara bayan tsara. Bayan zamanin Ezra, kaɗaitakar Allah ta kafu a zuciyar al'ummar har ta zama abin da ake sanin Bayahude da shi: Allah ɗaya ne, Mahaliccin sama da ƙasa, ba a siffanta shi da gunki, ya yi alkawari da Isra'ila, ya kuma bayyana nufinsa a cikin Attaura. Biyayya ga wannan nufi ta shiga kowane lungu na rayuwa, daga abin da ake dafawa zuwa ranar da ake hutawa. A ƙarni na 2 K.H., sa'ad da sarki Antiyokus na Huɗu ya hana kaciya da Asabar, ya sa aka ƙone littattafan Shari'a, an sami talakawa da suka zaɓi mutuwa a kan su bar su.

Tare da firist kuma sai ga sabon shugaba ya taso, wato malamin Attaura, wanda ilimi ne ya ba shi matsayi. Daga wannan layi marubuta da Farisiyawa da muke karantawa a cikin Bishara suka fito, daga baya kuma malaman da ake kira rabbi. Majami'a, gidan karatu da addu'a, ta bazu duk inda Yahudawa suke. Rubuce-rubuce mafi daɗewa da suka ambace ta an same su a Masar, daga ƙarni na 3 K.H. Al'adar Yahudawa tana danganta wa Ezra tsarin karanta Attaura a bainar jama'a ran Litinin da Alhamis da yammacin Asabar, da kuma sauya rubutun Attaura zuwa haruffa masu kusurwa waɗanda ake amfani da su har yau. Samariyawa kuwa suka riƙe tsohon salon rubutun.

An ga ƙarfin wannan gini a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da Romawa ƙarƙashin Titus suka rushe Haikali na biyu. Hadaya ta tsaya, aikin firistoci a bagade ya ƙare, amma Yahudanci bai mutu ba, domin shekaru 500 ke nan ana koya wa jama'a su taru kewaye da Littafi. Har yanzu a majami'u ana karance littattafan Musa biyar daga farko zuwa ƙarshe, a yawancinsu cikin shekara guda, an kasa su kashi 54.

Mu ma mun ci gādon. A majami'ar Nazarat Yesu ya miƙe ya karanta daga littafin Ishaya, ya zauna ya yi bayani. A majami'u Bulus yakan fara wa'azi a garuruwan da ya shiga, bayan an karanta Attaura da Annabawa. Duk ranar Lahadi da mai karatu ya hau bagadi ya buɗe Littafi, mai wa'azi ya bayyana ma'ana, wani lokaci da mai fassara a gefensa, tsarin Ƙofar Ruwa muke bi. Gaskiya ne Yesu ya tsawata wa marubutan zamaninsa da suka ɗora wa mutane kaya masu nauyi, su kuwa ba su taɓa su ko da yatsa ba. Laifinsu shi ne sun riƙe nazari da koyarwa, suka yar da abu na tsakiya a jerin Ezra, wato aikatawa.

Ƙarshen kwanakinsa

Yusifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, ya rubuta cewa Ezra ya rasu da tsufa, aka binne shi da girma a Urushalima. Wata al'ada kuma tana nuna kabarinsa a bakin kogin Taigiris a kudancin Iraƙi, a garin da ake kira Al-Uzair, inda Yahudawa da Musulmi suka yi ƙarnuka suna kai ziyara. Sunan garin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, gama shi ne Uzairu, kuma yawancin malaman tafsiri na Musulunci suna ɗauka cewa Uzairu da aka ambata a Alƙur'ani shi ne Ezra. Ba kowa ne ya ɗaukaka shi a dā ba: Ben Sira, wanda ya jera manyan Isra'ila wajen 180 K.H., ya yabi Nehemiya amma bai ambaci Ezra ba. Malaman da suka zo daga baya ne suka ga cewa garun Nehemiya ya rushe, amma aikin Ezra yana nan.

Ya ku iyaye, a lura cewa kashegarin babban taron, shugabannin gidaje ne suka komo wurin malam don su ƙara fahimta, kuma a kan sorayen gidajensu aka kafa bukkokin. Ezra ya karanta a dandali, amma a cikin gidaje maganar ta zauna. Yawancinmu muna da Littafi Mai Tsarki a ɗaki, cikin harshen da muke ji, abin da mutanen Ƙofar Ruwa ba su da shi. Littafin Ezra sura 10 ne, na Nehemiya 13, a dā ma littafi ɗaya ne a wurin Yahudawa. Iyalin da suka ɗauki sura ɗaya kowane dare bayan tuwo za su gama su cikin kwana 23. A bar yara su yi tambaya, har a kan matan da aka sallama a lokacin sanyi, a kuma amsa musu da gaskiya. Allah ya ba mu zuciyar nazari, da ƙarfin aikatawa, da hikimar koya wa 'ya'yanmu. Amin.